Kafin Kawu Ya Ɗauki Sifana

Ranar Asabar ce, cikin watan Agustan bara, ƙarfe tara da minti biyar na safe. Mu huɗu ne a falon gidana da ke Ikara: ni, da maigidana, da ƙanwata, autar gidanmu, da Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya zo daga Kurmin Kogi aka duba masa ido, muka riƙe shi ya huta kwana biyu. Yara sun tafi Islamiyya. An yi ruwa da sassafe, aka ɗauke wuta, batirin sola ya yi ƙasa, komai na gidan ya mutu. Wajen ƙarfe tara aka dawo da wutar. Kowace na'ura ta tashi, ban da ɗaya.

Bari in yi muku bayaninta, don ba kowa ke ajiye irinta a gida ba. Kowane shafi na intanet yana da suna, wanda mutum ke rubutawa, yana kuma da lamba, wadda na'ura ke bi. Waya ba ta gane hanya da suna. Sai ta tambayi wata na'ura, ita kuma ta ba ta lambar. Wannan mai amsa tambayar ita ake ce wa sabar sunaye. Yawancin mutane da ta kamfanin layinsu suke aiki, ba su ma san da ita ba. Ni kuwa, da yake a sashen na'urori na wani gidan rediyo nake aiki, sai na haɗa tawa a gida: wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sandar sabulu girma ba, na ɗora ta a kan kanta kusa da rauta, na'urar da ke rarraba intanet a gidan. Saboda yara na yi. Tana tace shafukan da ba na so su gani. Na kuma buɗe wata folda a cikinta, inda duk 'yan gida ke zuba hotuna.

Don kada wani mai wayo ya kewaye ta, na sa rauta ta hana kowace waya tambayar wata saba sai ita. Ranar da na yi wannan dabara na ji daɗin kaina ƙwarai. A safiyar nan kuwa ni ta kulle. Muddin sabar ba ta tashi ba, babu waya ko kwamfutar da za ta buɗe komai a gidan. Lambar sirrin da zan warware kullen da ita tana cikin wani littafi da na baro a ofis, tafiyar fiye da awa ɗaya.

Ƙarfe goma Auta take da jarabawar ƙarshe ta ƙarin karatun ungozoma da take yi daga nesa. Ana buɗe shafin ƙarfe goma, a rufe shiga goma da kwata. Wanda bai shiga ba, sai baɗi. Bara waccan ma ta rasa ta saboda rashin lafiya. Sabis ɗin waya ba ya shigowa ɗakunanmu sai ta eriyar da ke kan doguwar sanda a tsakar gida, ita kuma da rautar take haɗe.

Na jona allo a jikin 'yar kwamfutar. Tana kunne, lafiyarta lau, amma shirin da ke amsa sunayen ya ƙi tashi. Na ba shi umarni, ya yi daƙiƙa biyu, ya faɗi. Na sake, ya sake. Na buɗe kundin da yake rubuta abin da ya same shi, sai na tarar rubutun ƙarshe na yammacin Alhamis ne. Daga nan babu ko harafi.

Maigidana ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Injiniya, ba ke kika ce wannan abin ba ya ciwo ba?"

Na ce, "Malam, don Allah."

Ya ce, "To in ɗauki Auta a babur mu je bakin titi, can akwai sabis."

Auta ta ce, "Kyamara ake kunnawa, Yaya. Ko akuya ce ta gifta ta bayana, sun soke."

Na buɗe durowa na ɗauko filash ɗin da ke ɗauke da tsarin na'urar. Niyyata in goge komai in sake zubawa daga farko. Na san zai ci awa ɗaya ko fiye, na san hotunan gida za su tafi, amma hannuna yana son ya yi wani abu. A lokacin ne Kawu, da ke kishingiɗe a kan darduma da baƙin tabarau a idonsa, ya yi gyaran murya.

"Uwata, shirunki ya yi yawa. Me ya mutu?"

Na faɗa masa a taƙaice.

Ya ce, "Jiya tana aiki?"

Na ce, "Tana yi."

Ya ce, "To wa da wa suka taɓa ta?"

A daidai nan maƙwabcinmu ya kashe janaretansa, iska ta turo mana ragowar warin gas ta taga. Tambayar da warin suka haɗu, sai ga ni a Kurmin Kogi ina da shekara tara.

Gidanmu da na Kawu katanga ɗaya ce ta raba su, a jikin katangar kuma, ta waje, ɗakin injin niƙansa yake. Ban san wata safiya ta yarintata da ba ta fara da ƙarar injin nan ba. Bayan an sauko daga masallaci an yi karatu, sai a ji ya yi tari biyu ko uku, sannan ya kama, a hankali kamar mai hawan tudu da kaya, har ya daidaita. Da wannan ƙara mata ke sanin lokacin tura 'yan mata da ƙwarya ya yi. Idan damina ce, warin gas ya gauraya da na jiƙaƙƙiyar dawa da na ƙasar da ruwa ya daka. Idan kaka ce, sabuwar masara ta cika ɗakin da ƙamshi. Lokacin da ake dafa mazarƙwaila a fadama kuwa, hayaƙinta mai zaƙi kan biyo iska ya tarar da mu a kan layi, mu yi ta haɗiyar yawu.

Tun Kawu yana da baƙin gashi muke ganinsa da furfura, saboda gari. Gira fara, gemu fari, hula fara ko da wane launi aka saye ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake cewa, ko a gaban baƙi. Wannan ya ba ni gatan da 'ya'yan cikinsa ba su samu ba. Ni kaɗai ke shiga ɗakin inji ba tare da sallama ba. Ni ke share shi bayan an tashi, in tara ɓarɓashin gari in kai wa kajin Inna, mahaifiyata.

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk ƙauyen ya sani, wasu na yi mata dariya. Idan inji ya ƙi tashi, Kawu ba ya taɓa ƙarfe. Akwatin sifanoninsa yana nan a kusurwa, ba zai ko kalle shi ba. Sai ya jawo wani tsohon turmi da aka kife a ƙofar ɗakin ya zauna, ya sa a kira masa duk wanda ya shiga ɗakin tun daga lokacin da injin ya yi aiki na ƙarshe. Kowa ya tsaya ya faɗi abin da ya yi a ciki, komai ƙanƙantarsa. Ba ya cewa wa ya ɓata. Cewa yake, me ka yi? Dokarsa kuma ɗaya ce, bai taɓa karya ta ba: duk wanda ya faɗi nasa kafin Kawu ya ɗauki sifana, babu faɗa, babu duka, ko da injin ya ƙone.

Mata masu jiran niƙa sukan ce, "To, an zauna shari'a, tuwon yau sai Allah." Wata Bafulatana mai kawo gero duk ranar kasuwa ta taɓa ce masa, "Malam, wai injin ne ba shi da lafiya, ko mutanen?" Ya ce, "Jiya ya yi aiki, yau ya ƙi. Tsakanin jiya da yau wani abu ya faru. Shi nake nema, kuma ba a cikin ƙarfen yake ba."

Sau da yawa kuwa a wurin yake samunsa. An taɓa samun babban ɗansa ya ƙara kananzir a tanki don ya ga gas ya yi ƙasa. An taɓa samun matarsa ta ari mazurarin zuba mai ta ɗura kunun kanwa a gora, ta ɗauraye shi ta mayar da shi da sauran ruwa a jiki. Ranar nan har masu jira sun yi dariya sun gaji, ita ma tana yi, tana rufe fuska da gefen zane. Kawu ya tsiyaye man, ya tace, inji ya tashi kafin hantsi.

Shekarar da nake ba ku labari, wani dattijo maƙwabcinmu ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafa, ga shi ciyawa ta fara cin dawarsa. Aka kira masa gayya. Samarin unguwa kaf suka ce za su fito ranar Laraba su yi masa noma. Tuwon gayyar aka ɗora wa Inna da maƙwabtanta. Aka jiƙa dawa, aka surfa, aka wanke, aka shanya, za a kai niƙa da sassafe.

Ranar Talata da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi ina cikin shara. Sai na ga rufin kwanon yana yoyo, ɗigon kuma yana sauka daidai kan murfin tankin mai. Na matsa na duba. A tsakiyar murfin akwai wani ɗan rami, bai fi kan allura ba. Na sha jin Kawu yana cewa babu abin da inji ya tsana kamar ruwa a cikin gas. Na tsaya ina kallon ɗigon yana faɗuwa kusa da ramin.

A bakina akwai cingam da Baba ya sayo mini a kasuwar Makarfi. Kwana na biyu ke nan ina taunarsa, in na gaji in manna shi a ƙafar gado. Ba ƙaramin abu ba ne yarinya ta rabu da irinsa a lokacin. Na ciro shi, na cusa a ramin, na danne da babban yatsa, na shafe. Baƙin man da ke kan murfin ya rufe shi, ko ni da na sa ban ƙara ganinsa ba. Na koma gida ina jin na ceci injin Kawu. Na yi niyyar faɗa masa, amma na fi so ya gano da kansa ya tambayi wane mai hankali ne ya yi wannan.

Da safe ya cika tanki taf, saboda aikin ranar da yawa. Ya juya hannun injin, ya kama. Aka niƙa ƙwarya biyu, ta uku tana ciki sai ƙarar ta fara ja da baya, ta yi kamar mai shaƙuwa, ta tsaya. Ya buɗe tanki, mai na nan. Ya rufe, ya fitar da iskar da ta shiga bututu, ya sake juyawa. Ya kama, ya yi ɗan lokaci, ya sake mutuwa. Da aka yi haka sau uku, sai ya goge hannu ya jawo turmi.

Aka kira mu. Ƙofar ɗakin cike take da mata, ƙore a jere har bakin hanya, Inna a gaba da hannu a ƙugu. Ɗansa ya ce ya ɗaure bel ɗin injin. Matarsa ta ce ta shiga neman tsintsiya, ta rantse ba ta ko kalli mazurari ba, aka yi dariya. Sai ya juyo gare ni.

"Uwata, ke fa?"

Na dubi matan, na dubi Inna. Ban tabbata cingam ɗin ne ba, amma wani abu a cikina ya sani. Na ce, "Shara kawai na yi."

Ya ɗan jima yana kallona. Ya ce, "To, madalla." Ya tashi ya buɗe akwati ya ɗauki sifana.

Ya kwance bututu, ya kwance matacin mai, ya kwance famfon da ke tura man. Ya shimfiɗa buhu ya jera su ɗaya bayan ɗaya, yana wankewa yana busawa. Wani ƙarfe ya yanke shi a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da rana ta ɗaga mata suka haƙura, suka kwashe ƙorensu suka koma ga turmi da dutsen niƙa. Ranar nan na ji sautin daka daga gida shida a lokaci guda. Tafin hannun Inna ya yi bororo. Tuwon da ya kamata ya isa gona kafin azahar bai isa ba sai gab da la'asar. Wasu samarin sun riga sun saɓa fartanya sun tafi, aka bar kusurwar gonar dattijon ta gabas da ciyawarta.

Bayan kowa ya watse na kai masa ruwa a moɗa. Yana zaune shi kaɗai a gaban ƙarafan, ya wanke komai bai ga komai ba. Na ajiye moɗar, na tsuguna, na faɗa masa, ina kallon ƙasa.

Ya miƙa hannu ya ɗauko murfin, ya karyo tsinke a jikin tsintsiyata, ya soka a ramin. Cingam ɗin ya fito baƙi ƙirin. Ya ɗaga murfin ya hango haske ta ciki.

Ya ce, "Wannan ramin hancinsa ne. Mai yana fita, iska tana shiga. In aka toshe, ya shaƙe." Ya ɗaga kai ya dubi rufin. "Ruwan da kika gani kuma, ni ban gan shi ba. Wannan kin fi ni ido."

Na fara kuka. Ya bar ni na yi, sannan ya ce, "Da da safe kika faɗa, Uwata, da tsinke ɗaya ya ishe mu."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai gaya wa Inna ba, har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Washegari ya liƙe rufin. Da ya tashi daga niƙa kuma ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gonar dattijon nan shi kaɗai, ya yi yamma biyu yana nome kusurwar da aka bari. Daga kan katangarmu ana hango gonar. Na hau na yi ta kallon bayansa a sunkuye. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Abu ɗaya ya canza bayan wannan rana. Bai ƙara zama a kan turmi a gaban jama'a ba. Idan inji ya ƙi, sai ya zagaya bayan ɗakin, inda wata bishiyar zogale take, ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Mata suka yi ta ƙorafi wai an hana su kallo. Sai da na girma na gane cewa a ganinsa ba ni kaɗai na yi kuskure ba. Ya tambayi yarinya a gaban uwarta da rabin unguwa.

Na dawo cikin falona da filash a hannu. Agogon bango ya nuna tara da minti talatin da biyar. Na mayar da filash ɗin cikin durowa.

Na ce, "Tun daga ranar Alhamis, wa ya yi wani abu da wannan na'ura? Ko mene ne."

Maigidana ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. "Ni dai na goge mata ƙura jiya. Da gefen rigata. In wannan laifi ne, Kawu shaida ne na faɗa da bakina."

Kawu ya ce, "An karɓa, Malam."

Na dubi Auta. Tana zaune a bakin kujera, ta sa hijabinta tun ƙarfe takwas saboda kyamara, katin shaidarta a hannu. Ta ce, "Ni karatu kawai nake yi, Yaya." Idonta na kan yatsun ƙafarta.

Na san wannan kallon. Kawu ba ya gani sosai a ranar, amma ya ji muryar. Ya dafa bango ya miƙe.

"Malam, kama hannuna mu fita. Likita ya ce in riƙa kallon kore. Nuna mini masarar nan taka da kake ta yabo."

Maigidana ya ce, "Kawu, ai layi uku ce kawai."

"To mu je mu ƙirga su a hankali."

Da suka fita na ja kujera kusa da ita. Na ce, "Auta, ba wanda ya ɓata nake nema ba. Me kika yi don ki gyara wani abu?"

Sai hawaye. Ta ce ranar Alhamis wata abokiyar karatunta ta ba ta filash mai ɗauke da bidiyon darussansu na shekara biyu. Ta zuba a kwamfutarta. Sai ta tuna na ce mata kada ta cika kwamfutar kafin jarabawa, don kada ta yi nauyi. Shi ne ta kwashe su duka ta mayar cikin foldar hotunan gida. Wajen ƙarshe wani jan rubutu ya fito, ta rufe shi. Da ta ga intanet na aiki, sai ta ɗauka ba komai.

"Yaya, ni ce ko?"

Na juya ga allo na tambayi na'urar sauran wurin da ke cikin ma'ajiyarta. Babu. Ta cika maƙil, ko wurin ɗigo ɗaya bai rage ba.

Wannan yana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗalibi ya duba, ni kuma ban duba ba, saboda a makon da ya wuce na ga fiye da rabinta a sarari, sai na riƙe wannan a kaina kamar ba ya canzawa. Duk lokacin da shirin sunayen zai tashi, sai ya rubuta wani ɗan ƙaramin fayil tukuna. Bai samu inda zai rubuta ba, shi ya sa yake faɗuwa. Kundin da zai kai ƙara a ciki ma babu wurin ƙara layi, shi ya sa ya yi shiru tun Alhamis. Kwana biyun nan ya ci gaba da aiki ne don yana tsaye tun da. Ɗauke wutar ce ta kwantar da shi, ya kasa miƙewa.

Na ce, "Kwashe su zuwa wani wuri zai ci lokaci. Sai dai a goge wasu."

Ta ce, "Goge duka! Suna wurin ƙawata."

Na ce, "Uku sun isa."

Na goge manya guda uku. Na sake ba shirin umarni. Daƙiƙa biyu suka wuce, uku, biyar, bai faɗi ba. Na tambaye shi sunan shafin makarantarsu, ya ba ni lambar. Tara da minti hamsin da biyu.

Ta buɗe kwamfutarta, shafin ya ƙi. Ta ɗora hannu biyu a ka. Na ce ta kashe haɗin ta sake kunnawa, don kwamfutar tana riƙe da amsar ɗazu. Ta yi. Shafin ya fito da tambarin makarantar da agogo mai ƙirga abin da ya rage. Na gyara mata labule, na ajiye ruwa a gefenta, na jawo ƙofa.

A tsakar gida na same su a ƙarƙashin rumfa. Maigidana ya ɗaga gira, na gyaɗa kai. Ya ce alhamdu lillahi, ya zare wayarsa daga aljihu ya kashe haɗinta da kansa, wai kada ya rage wa Auta ƙarfin sabis. Kawu bai tambayi wanda ya yi ba, ni ma ban faɗa ba. Awa biyu muka yi muna magana ƙasa-ƙasa, muna korar kaji daga bakin taga.

Can ya ce, "Uwata, wannan injin naki, ban ji ƙararsa ba ko sau ɗaya."

Na ce ba ya ƙara.

Ya ce, "To ta yaya kike sanin yana lafiya?"

Na ce rubutawa yake yi, in karanta.

Ya girgiza kai. "Abin tausayi. Yana ciwo a ɗaki ɗaya da ku kwana biyu, babu wanda ya ji."

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Injin Kawu duk unguwa ke jin lafiyarsa. Idan ya yi tari, tsohuwar da ke ƙarshen layi ta sani, kuma ta san abin da zai biyo baya a tukunyarta. Yanzu an sayar da shi tuntuni, ɗakin ya zama shagon cajin waya, ƙananan injuna masu fetur sun cika kowane lungu, daga Dandamisa har Kudan. Na'urorin da muke dogara da su a yau ba su da wari, ba su da murya, kuma mutum ɗaya ne a gida ya san abin da suke yi. Sauran suna taɓa su kullum cikin tsoro, kowa na gudun a ce shi ne. Ni na haɗa tawa don in kare 'yan gidana, amma ban taɓa zaunar da kowa na gaya masa abin da take so da abin da ba ta so ba. Na kulle ƙofofi, na bar mabuɗin a wani gari. Auta ta ga jan rubutu ta rufe, domin a gidan injiniya babu wanda ke son ya zama shi ne bai gane ba.

A makon da ya biyo baya na raba wa foldar gida nata wurin daban, yadda ko ta cika ba za ta taɓa sabar ba. Na kwafo lambar sirrin rautar na ba maigidana ya ajiye. Na kuma tara su duka, har yaran, na nuna musu abin da jan rubutu ke nufi da wanda za su kira idan sun gan shi.

Kawu ya koma Kurmin Kogi ranar Litinin, idonsa na hagu ya washe, na dama bai yi ba. Sakamakon Auta ya fito bayan mako shida. Ta ci. Yanzu tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a wajen Kudan.